Keken surfani na kwamfuta: wanne za ki saya, kuma me zai riƙa cin kuɗi bayan nan?

Ga tambayar da aka aiko: "Na iya ɗinki, ina da keke na gida. Yanzu ina son keken surfani na kwamfuta, in riƙa sa suna a tawul, in yi ado a kayan yara da wuyan riga, ƙila nan gaba in karɓi aikin mutane. Wane iri zan saya? Bayan na saya kuma, me da me zai riƙa cin kuɗi?"

Malama, tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma da ita ya kamata ki fara lissafi. Idan kuɗin hannunki kaf za su tafi a kan keken, ki dakata tukuna, ko ki sauko kan wanda bai kai shi tsada ba. Shawarata ga mai farawa ita ce ta ware kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma cikin uku, na kuɗinta ta ajiye gefe. Abin da ke zuwa a kwali bai taka kara ya karya ba: firam (zoben da ake ɗaure yadi a ciki) ɗaya ko biyu, 'yan allurai, kwarkwaro kaɗan, wani lokaci da zaren ƙasa ƙwarya ɗaya. Zaren kala, takardar tallafi (wadda ake sawa a bayan yadi) da zane duk a kanki suke tun ranar farko.

Akwai abin da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa miki ba. Keken nan ba ya zana komai. Fayil yake karantawa, wanda aka riga aka tsara masa inda allura za ta sauka, bugu bayan bugu, da inda za ta tsaya a canja zare. Hoton da ke wayarki ba irin wannan fayil ba ne, kuma ba a tura shi kai tsaye keken ya ɗinka. Kowane kamfani ma da nau'in fayil ɗinsa: Brother da Baby Lock suna karanta PES, Janome JEF, Husqvarna Viking da Pfaff VP3, Bernina EXP. DST na kamfanin Tajima ne, da shi manyan injina ke aiki, kekunan gida da yawa ma suna karɓarsa, sai dai ba ya riƙe kala, yana nuna wuraren canja zare ne kawai. Zan dawo kan zane, domin a nan kuɗi mai nauyi yake ɓoye.

Wajen zaɓen keke, girman firam shi ne kan gaba, ya fi yawan zanen da aka zuba a ciki da girman allon taɓawa muhimmanci nesa ba kusa ba. Ƙananan kekuna irin su Brother SE600 da PE535 filin aikinsu santimita 10 ne a kan 10, wato inci 4 a kan 4. Mataki na gaba santimita 13 a kan 18, wato inci 5 a kan 7, kamar Brother PE800. Janome Memory Craft 500E tana kai santimita 20 a kan 28. A rubuce bambancin na farko da na biyu kamar ba shi da yawa, amma ki buga lissafi: 10 sau 10 ya ba da 100, 13 sau 18 ya ba da 234, ya fi ninki biyu. Kuma kada wani ya ruɗe ki cewa daga baya za ki sayi babban firam ki ɗora. Iyakar tana jikin hannun da ke jan firam ɗin da manhajar keken, ba a jikin firam ba. Akwai dogon firam da ake matsarwa zango-zango, amma sai an tsaga zanen gida biyu ko uku a kwamfuta, kuma haɗa mahaɗar ba tare da ta nuna ba aiki ne na ƙwararre. Suna a tawul ɗin jariri, ƙaramin tambari a ƙirjin riga, fure a aljihu, duk 10 a kan 10 zai ɗauka. Wuyan riga na babba kuwa ba zai ɗauka ba. Tunda kin ambaci wuya, a ganina 13 a kan 18 shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ki duba, in da hali ki wuce nan.

Tunda kina da keken ɗinki, ba ki buƙatar mai haɗa ɗinki da surfani a jiki ɗaya. Ki nemi na surfani zalla: kuɗin da za su tafi a ɓangaren ɗinki sai su koma girman firam, kuma yana aiki kina ɗinki a ɗayan. Mai haɗe-haɗen idan yana surfani ya tare miki ɗinki, idan ya tafi gyara duka biyun sun tafi.

Sai batun allura ɗaya ko allurai da yawa. Keken gida na yau da kullum allurarsa ɗaya ce, zane mai kala 6 yana nufin zai tsaya ki cire zare ki sa wani har sau 5. Masu allurai da yawa, irin su Janome MB-7 mai 7 ko jerin PR na Brother masu 6 da 10, su ke canja kala da kansu, kuma hannunsu siriri ne a buɗe ta ƙasa, yana shiga hannun riga, ƙafar wando, jaka da hula mai baki. Mai allura ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, duk abin da ba zai kwanta ba wahala ne a kansa. Amma tsadarsu ta ninka sau da yawa, ga nauyi, ga buƙatar tebur mai ƙarfi. Ba na ba mai cewa "ƙila nan gaba" shawarar ta fara da su. Ranar da aikin mutane ya kai ki ga tsayuwa a gaban keke daga safe zuwa dare kina canja zare, aikin ne da kansa zai saya miki babban. Wani ƙaramin abu da ya kamata ki tambaya: shin keken yana yanke zaren tsallake, wato wanda ke ratsawa daga wannan harafi zuwa wancan? Masu araha da yawa ba sa yi, da ƙaramin almakashi za ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

To, mu zo ga abin da ke ƙarewa.

Kowa zare yake tsoro, alhali shi ne mafi sauƙin lissafi. Zaren surfani na yau da kullum mai lamba 40 ne, na foliyesta ko na rayon. Ƙiyasin da masu sana'ar ke aiki da shi shi ne kowane bugun allura 1,000 yana cin kusan mita 5 na zaren sama da kusan mita 3 na zaren ƙasa. Ke nan ƙaramar ƙwarya mai mita 1,000 za ta ba ki bugu kusan 200,000, babba mai mita 5,000 kusan miliyan 1. Tambarin ƙirji mai bugu 8,000 mita 40 kawai zai ci, ƙaramar ƙwarya ɗaya ta isa irinsa 25. Ashe ba ƙarewar zare ke cin kuɗi ba, tara kaloli ne. Akwatin kala 40 ko 60 yana da ban sha'awa, amma bayan shekara za ki tarar fari, baƙi, ja, ruwan gwal da shuɗi mai duhu sun ƙare tuni, sauran kuwa ko buɗe su ba ki yi ba. Ki sayi manyan ƙwarya na kalolin da ba a rabuwa da su, ƙanana na sauran, ki riƙa ƙarawa gwargwadon aikin da ya zo. Babbar ƙwarya ba ta zama a kan sandar keken gida, sai da mazaunin zare da ake ajiyewa a gefe, shi ma saye ne amma sau ɗaya. Foliyesta ya fi jure wanki da bilic, shi ya dace da tawul da kayan yara. Rayon ya fi laushi da sheƙi, amma bilic yana cinye kalarsa. Zare mai arha marar suna kuwa, abin da kika rage a kuɗinsa za ki biya a tsinkewa da ƙurar da yake tarawa a cikin keke.

Zaren ƙasa daban ne, siriri, lamba 60 ko 90, fari ko baƙi ya wadatar. Ki duba littafin keken ki ga lambar da aka saita shi a kai, don idan kika sa wata daban za ki ga zaren ƙasa yana leƙowa sama a gefen haruffa, ki yi ta juya ɗaurin zare a banza.

Abin da ya fi zare saurin tafiya shi ne takardar tallafi, wadda ake shimfiɗawa a bayan yadi don kada ya motsa ko ya tattare a ƙarƙashin dubban bugun allura. Ba a aiki ko ɗaya ba tare da ita ba, kuma ba gwargwadon girman zane ake yanka ta ba, gwargwadon girman firam ne da ƙari a kowane gefe. Wannan ya sa ɗinka ƙaramin suna a babban firam asara ce, kuma shi ya sa sayen ƙaramin firam na biyu yake mayar da kuɗinsa. Iri uku ne ba makawa. Mai yagewa ta yadi ce mai tsayuwa wanda ba ya talewa. Wadda ake zagayewa da almakashi a bar sauran a jiki ta yadi ce mai talewa, irin rigar sanyi da ƙananan riguna na yara, domin idan kika yage tallafin irin wannan yadi, wanki biyu uku zanen zai karkace. Ta uku mai narkewa ce a ruwa, kamar siririyar leda, ana ɗora ta a saman tawul don kada zare ya nutse cikin gashinsa. Kayan jarirai suna da ƙari: wani laushin ƙyalle da ake mannawa da dutsen guga a bayan aikin don kada ya kankare fata. Ki saye ta a naɗe, ki yanka da kanki, ya fi yankakkiya sauƙi. Mai narkewar kuma ki ɗaure ta a leda, iska na busar da ita ta yi ta karyewa, laima kuma na sa ta danƙo.

Allura ba ta da tsada amma ana mantawa da ita. Lamba 75/11 ta surfani ita ce ta kullum, 90/14 ga yadi mai kauri, mai dunƙulen baki ga yadi mai talewa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a canja bayan kamar awa 8 na aiki. Idan zare ya fara tsinkewa ba dalili, ki canja allura kafin ki zargi komai. Sauran tarkace, ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, feshin gam na wucin gadi, alƙalamin alama mai gogewa, ƙarin kwarkwaro, kowanne kaɗan ne, a haɗe ne suke nauyi.

Yanzu ga zane. Keken zai zo da zane da dama da 'yan nau'o'in haruffa, kuma cikin wata guda za ki ƙoshi da su. Daga nan hanya uku ce, kowace da kuɗinta. Ko ki sayi zane da aka riga aka tsara a intanet, ko ki biya mai tsarawa ya mayar miki da hoto fayil, ko ki sayi manhaja ki koyi tsarawa da kanki. Masu tsarawa suna caji ne a kan kowane zane ko a kan kowane bugu 1,000, kuma sau ɗaya ake biya, fayil ɗin ya zama naki, ki ɗinka shi sau nawa kika ga dama. Ga mai farawa wannan ya fi hankali.

Manhaja kuwa mataki-mataki ce. Ƙaramar, wadda ke haɗa haruffa, ta jera zane biyu, ta canja nau'in fayil, kusan dole ce ga mai sa suna, kuma Embrilliance da Embird suna da irin wannan mataki. Cikakkiyar ta tsarawa, kamar Hatch ta kamfanin Wilcom ko PE-Design ta Brother, tana iya kai kuɗin ƙaramin keke ko ta wuce, ga kuɗin sabuntawa idan sabon salo ya fito, ga kwamfutar da za ta ɗauke ta. Akwai ta kyauta, Ink/Stitch, wadda ke hawa kan manhajar zane ta Inkscape. Tana aiki sosai, sai dai kuɗin da ba ki biya ba za ki biya shi da haƙuri. Tsakani da Allah, ko wacce kika ɗauka, koyon tsarawa sana'a ce daban da ɗinki. Sai kin san ɗinkin shimfiɗa da ake fara yi a ƙasa kafin na sama, kin san tazarar zare (wajen milimita 0.4 aka saba farawa), kin san cewa zare yana jan yadi ta yadda da'irar da ke daidai a allo za ta fito kamar ƙwai idan ba a ƙara mata faɗi ba, kin san jerin da allura za ta bi don rage tsallake. Maɓallin nan da ke cewa zai mayar da hoto zane da kansa yana iya yin abin kirki a zane mai kala biyu da layi tsaf. A kan hoton fuska ko tambari mai ƙananan rubutu, abin da yake fitarwa ba ya sawuwa. Kada ki sayi babbar manhaja a watannin farko. Ki ɗinka zanen ƙwararru tukuna, kina kallon yadda allura ke tafiya, wannan kallon shi ne rabin karatun.

Abu biyu a kan zanen da aka saya. Ba a ƙara masa girma ko a rage fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a jikin keke, domin yawan bugun ba ya canjawa: ki ƙara, ya yi gibi, ki rage, ya cunkushe har ya karya allura. Haruffan da ba su kai milimita 5 ko 6 ba kuma suna son siririn zare lamba 60 da ƙaramar allura. Na biyu shi ne lasisi. Zane da yawa an sayar da su ne don amfanin gida kawai, misali zanen Disney da ke cikin wasu kekunan Brother ba a yarda a sayar da abin da aka ɗinka da su ba. Tambarin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwallo ma mallakar masu su ne. Tunda kina tunanin aikin kuɗi, ki riƙa karanta sharaɗin kafin ki biya.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit, shi ne kayan da za su lalace. Zare zai cukurkuɗe a ƙasa ya ja yadi cikin rami, bayan riga zai shige ƙarƙashin firam a ɗinke shi da gaba, za a rubuta suna da harafi ɗaya a karkace. Warware surfani ba kamar warware ɗinki ba ne, ko an cire zaren, huda tana nan. Don haka kowane sabon zane sai an gwada shi a ƙyalle irin yadin aikin, da tallafi iri ɗaya, kuma gwajin ma yana cin zare da takarda da lokaci. Idan kayan na wani ne, ki sa wannan haɗari cikin kuɗin aiki, ki kuma sa mai kaya ya rubuto sunan da hannunsa.

Lokaci ma haka. Brother PE800 tana kai bugu 650 a minti, SE600 kuwa 400 ne a surfani. Zane mai bugu 30,000 zai ɗauki kusan minti 46 a ta farko, minti 75 a ta biyu, kuma wannan gudun allura ne kawai. Ba a sa alama, ɗaura firam, canja kala, yanke tsallake da guga a ciki ba. Wancan tambari mai bugu 8,000 da lissafi ya ce minti 12, a zahiri rabin awa ne. Ba kuma a barin keken gida shi kaɗai a fita, sai kunne yana kansa.

Gyara shi ne dalilin da ya sa nake cewa a nemi makaniki kafin a nemi keke. Wannan na'ura ce mai allon lantarki da na'urorin gane tsinkewar zare, mai gyaran keken ƙafa ba lallai ya iya da ita ba. Ki binciki wane kamfani ne yake da wakili ko ƙwararren mai gyara da kayan gyara a inda hannunki zai kai, ki zaɓa daga cikin kekunansa, ko da wani ya fi shi kyau a talla. Aika keke mai nauyi nesa, da zaman jiran makonni, na iya fin gyaran kansa ciwo. Ki sa kuɗin sabis sau ɗaya a shekara cikin lissafi, fiye da haka idan aiki ya yi yawa. Tsakanin nan naki ne: share ƙurar zare a gidan kwarkwaro da buroshi, rufe keken idan ba ya aiki. Kada ki zuba mai sai littafin ya ce a zuba, wasu kekunan gida an hana mai su sa musu mai gaba ɗaya, masu allurai da yawa kuwa suna son ɗigo a ƙugiyar gidan kwarkwaro kullum kafin a fara. Gidan kwarkwaro, wuƙar yanke zare da abin zura zare a allura su ne ke fara gajiya. Garanti kuma ki karanta shi da kyau. Shekaru masu yawan da ake bugawa a kwali yawanci na gangar jikin keken ne, na lantarki da kuɗin aikin gyara gajere ne, kuma da yawa sun cire amfani na kasuwanci daga ciki.

Wutar da yake sha ba ta da yawa, matsalar tana ga irin wutar. Keken da aka yi don kasuwar Amurka galibi na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, Turai da ƙasashe da dama kuwa 220 zuwa 240 suke amfani da shi. Idan daga wata ƙasa za ki yi oda, ki duba lambar da ke jikinsa, ki kuma sani garantin ba lallai ya tsallaka iyaka ba. Na'urar kare shi daga hauhawar wuta ba ta kai kuɗin allon lantarki ɗaya ba, ƙaramin batirin ajiya kuma zai ba ki damar tsayar da aiki cikin tsari idan wuta ta ɗauke a tsakiyar zane.

Idan za ki fitar da kuɗin aiki, ki haɗa waɗannan: kuɗin kayan da za a ɗinka a kai, takardar tallafi gwargwadon firam, zare bisa yawan bugu, kason kuɗin zane (ki raba shi a kan adadin da kike sa ran ɗinkawa), wani abu na sabis da tsufan keke, wani abu na lalacewa, sannan lokacinki na gaskiya daga ɗaura firam zuwa guga. Za ki ga zare ne mafi ƙanƙanta a jerin, lokaci ne mafi girma, kuma guda 20 na zane ɗaya sun fi guda 20 na zane daban-daban riba ƙwarai.

Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma ta nan ake samun babban firam da kuɗin ƙarami. Yawancin kekunan nan suna da ma'aunin jimillar bugun da suka yi tun fitowarsu, yana cikin shafin saiti, ki sa a buɗe miki ki gani, ki tambayi ranar sabis na ƙarshe. Ki tabbata yana karɓar filash ta USB, domin tsofaffi masu kati na musamman sai da wata na'urar rubuta kati, wadda samunta yanzu aiki ne. Ki ƙirga firam, ki duba ba su tsage ba. Sabo ne ko na hannu, ki je da filash ɗinki ɗauke da zane mai haruffa da cike wuri da kala uku, da tawul da ƙyallen yadi mai talewa. Ki ɗaura firam da hannunki, ki zura zare da kanki, ki tsaya har ya gama, sannan ki juya bayan aikin. A ginshiƙin kowane harafi ya kamata farin zaren ƙasa ya kama kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, zaren sama ya rufe gefe da gefe. Idan mai keken ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, ki nemi wani.